Tururuwa a Cikin Ludayi

Ranar Talata, ranar da garin Talata Mafara ba ya jin kira saboda kasuwa, Inna Lantana ta sauka daga motar Maradun da goyo a baya da ƙullin kaya a ka. Tsohuwa ce da ta daɗe da wuce shekarun goyo, shi ya sa duk wanda ta gifta sai ya sake waiwayowa. Ita kuwa ba ta kula kowa ba. Ta ratsa 'yan tumatir da 'yan shinkafa, ta bi lungun bayan tasha, har ta kai gidan hayar da 'yarta Husaina take zaune.

Gidan ɗaki goma sha ɗaya ne a jere, rijiya ɗaya, banɗaki biyu, da igiyar shanya ɗaya da ake faɗa a kanta kullum. A irin wannan gida ba a ɓoye komai. In ka soya ƙwai, na ɗakin ƙarshe ya san guda nawa ka fasa. Don haka kafin Inna Lantana ta gama sallama, matan gida sun riga sun kewaye ta, ana ta sannu da hanya, ina gajiya, ya mutanen gida. Saude mai waina ce a gaba kamar kullum, sai Susan matar malamin makaranta, wadda kowa ke kira Maman Vivian, tana riƙe da jaririyarta.

A tsaye tsohuwar ta ba da labarin, ko ruwa ba ta sha ba. Kwana huɗu da suka wuce 'yan bindiga sun tare mata a gonar wake a bakin ƙauyensu Gidan Goga, suka kora tara cikin daji. Hamdiyya, ƙanwar Husaina, tana ciki. Da safiyar ranar ta bar wa Inna ɗanta Ɗantani, ɗan wata biyu da 'yan kwanaki, ta ce za ta dawo kafin azahar. Uban yaron yana can yana bin labari ƙauye ƙauye. Yaron kuwa kwana huɗu ke nan ana ɗura masa nonon akuya da cokali, abin da ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa.

Husaina tana tsaye a ƙofar ɗakinta, ta dafe bango. Kwana ashirin da shida ke nan da ta rufe tata 'yar, Kausar, wadda zazzaɓin kwana uku ya ɗauke tana da wata biyar. Yarinya ta tafi, nono bai ji labari ba. Kullum da safe sai ya cika ya yi tauri, ya jiƙa mata riga, ta shiga banɗaki ta tatse a ƙasa tana kuka ba sauti.

Inna Lantana ta kwance goyon ta miƙa mata.

"Amshi ɗanki, Husaina. Kwana huɗu bai ga nono ba."

Matan gida suka shiga jinjina ikon Allah. Saude ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin abin da ya dace irin wannan ba, ga yaro ba uwa, ga uwa ba yaro. Husaina ta karɓe shi. Ba shi da nauyin kirki, fatar wuyansa ta yi yaushi, amma goshin Hamdiyya ne sak, har da ɗan gashin da ke sauka tsakanin gira. Yana jin ɗumin ƙirjinta ya juyo da kai, ya buɗe baki yana lalube. Nan take nonon ya amsa. Abin da take so a duniya a wannan lokacin bai wuce ta zauna a dandaryar ƙasa ta ɗaga riga ba. Sai ta ɗaga yaron ta mayar da shi kafaɗa.

"Inna, nonon ga ba shi da kyau," in ji ta. "Shi yak kashe Kausar."

Ƙarya ce, kuma ta ji zafinta har cikin ƙashi, don ba nono ne ya kashe Kausar ba. Amma gaskiyar ba ta faɗuwa.

Tana da cikin Kausar wata huɗu aka ɗebi jininta a wurin awo, aka kira ta wani ɗaki a ƙarshen baranda, aka gaya mata tana ɗauke da ƙanjamau. Ba ta san namiji ba sai mijinta Sharhabilu. Shi kuwa tun da noma ya gagara a Gidan Goga ya kawo ta birni ya kama mata ɗaki, ya koma ramukan zinariya na dajin Maradun, inda maza ke wata biyu, uku ba su ga gida ba. Da ta gaya masa bai yi faɗa ba, bai kuma musa ba. Ya dai ce ta sha maganinta, ba zai hana ta ba, amma duk ranar da ta buɗe baki ta faɗa wa wani mahaluƙi, ko uwar da ta haife ta ce, to a bakin aurenta. Shi dai bai je an auna shi ba har yau. Namiji ne da zai shiga rami mai zurfin gaba ashirin yana waƙa, amma tsinken da zai huda masa yatsa ya fi ƙarfinsa.

Kada a ce mugu ne, don Husaina ba za ta yarda ba. In ya dawo yakan shigo da tsire a takarda, ya ɗora Kausar a ciki yana mata wasa har barci ya kwashe su tare. Tana kewarsa, tana kuma jin haushin kanta da take kewarsa. Ban da haka, in auren ya mutu ɗakin ma ya tafi, Gidan Goga kuwa ba wurin komawa ba ne yanzu. Kuma ta ga abin da unguwa ta yi wa wata mai ƙosai a bakin lungunsu da labarinta ya fita. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. Kawai an daina saye, an daina zama a bencinta, yara suka koma zagayewa ta ɗaya lungun, har wata safiya aka tashi ba ita ba kaskonta.

Husaina ta sha maganinta ba fashi saboda Kausar, ta ɓoye kwalbar a cikin buhun gero, kuma gwajin da aka yi wa yarinyar ya nuna ba ta ɗauka ba. To amma ranar da aka fita da gawar, sai ta ga ba ta da sauran wanda za ta sha dominsa. Tun daga ranar ba ta sake taɓa buhun ba.

Washegari da sassafe ta goya Ɗantani, ta ce wa Inna za ta kai shi a duba zawon. Ta zurma dogon hijabi, ta ja shi har kan hanci. Ɗakin ƙarshen barandar nan kowa a garin ya san na mene ne, shi ya sa mutanen Mafara da yawa suke zuwa Bakura ko Gusau karɓar nasu maganin, na can su kuma su zo nan, kowa yana gudun idon sani. Ita ba ta da halin wannan yawon. Ta kan tsaya ne a gindin bishiyar dalbejiya kamar mai jiran wani, sai ta ga baranda ba kowa ta faɗa da sauri.

Nas Beatrice ce a ciki, mace mai jiki da ƙaramar murya, wadda ta yi shekara goma sha biyar a garin har Hausarta ta fara karkata irin ta mutanen nan. Ta duba yaron, ta taɓa maɗigarsa da ta fara faɗawa, ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari. Da ta ji Husaina ta kusa wata ba magani, ba ta yi mata tsawa ba, ta dai cire tabarau ta ajiye a tebur. Ta bayyana mata cewa maganin ne yake danne cutar, in aka daina sai ta farfaɗo, ta hau jini ta hau nono. Yau Husaina za ta koma shan maganin, amma sai an yi watanni an sake aunawa kafin a san inda aka tsaya. Ta ba ta gwangwanin madarar jarirai, ta ce a dafa ruwan sosai, in kuma akwai mai shayarwa da aka auna aka ga lafiyarta lau, wannan ya fi.

Husaina ta tambaya ko sau ɗaya ma, don ya samu ya yi barci.

"Ko sau ɗaya," in ji Beatrice. "Cikinsa a ƙuje yake da zawo. Husaina, wannan yaron ya rasa abu da yawa a mako guda. Kada ki ba shi abin da zai ɗauka har tsufansa."

A hanyar dawowa ta tsaya a inuwar wani shago ta kira Sharhabilu. Sai a kira na biyar ta same shi, don a can sai an hau tudu waya take kamawa. Ya jajanta abin da ya sami Hamdiyya. Ta gaya masa halin da ake ciki, ta roƙe shi ya sassauta mata, Inna kaɗai za ta faɗa wa, Inna kuwa ko a kabari ba za ta fitar ba. Ya ce ta ba yaron nono mana, shi bai ga abin da zai same shi ba, ga shi nan shi ma lafiyarsa lau yana haƙa. Ta ce nas ta hana. Tana jin ƙarar injin niƙan dutse a bayansa.

"Maganata tana nan inda nib bar ta," ya ce, sannan waya ta yanke.

Ɗantani ya ƙi fida, kwalbar da aka zuba masa madarar. Da an sa masa robar a baki sai ya turo ta da harshe, ya ƙara sautin kuka. Da cokali ya karɓi kaɗan, ya dawo da rabi. Wunin ranar Husaina tana zagaye tsakar gida da shi a kafaɗa, tana masa 'yar waƙar da take wa Kausar, shi kuma yana ta zamewa ƙasa yana bin ƙanshin abin da ya san yana nan. Gaban rigarta ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa, kowa yana gani. Ta riƙa tuna Hamdiyya, ko a gindin wace bishiya take yanzu, ita ma da nata ƙirjin a cike ba mai sha. Tare suka yi ciki, suka yi ta lissafin yadda za su riƙa musayar yaran in an haɗu da salla, wannan ta ba na waccan, don su tashi ciki ɗaya nono ɗaya. Husaina ta yi dariya a lokacin ta ce to, alhali ta san ba za ta iya ba.

Matan gida tun suna tausayinta har suka fara kallonta a kaikaice. Saude, wadda ba ta iya magana a hankali ko da ta yi niyya, ta faɗa a bakin rijiya cewa ita ta taɓa jin mace ta yi rowar gishiri, amma rowar nono sai yau.

Da la'asar haƙurin Inna Lantana ya ƙare. Ta ce ita ba a asibiti ta koyi raino ba, 'ya'ya tara ta shayar, kuma mugun nono ba a bakin mai shi ake jin labarinsa ba, gwada shi ake yi. Ta ɗauko ludayi ta wanke, ta miƙa wa Husaina ta ce ta shiga ta tatso. Ita kuma ta zari tsinken tsintsiya ta nufi gindin katanga, inda tururuwa ke jan hatsi. Haka ake yi a Gidan Goga tun kafin a haifi Inna. A saka tururuwa a cikin nonon. In ta mutu, nono yana da dafi, a nema wa uwa magani. In ta yi iyo ta fito, lafiyayye ne, ba sauran magana.

Husaina ta fito da ludayin rabi. Aka ajiye shi a tsakiyar tabarma, mata suka sunkuyo. Inna ta kakkaɓe tururuwa uku a ciki. Tunda Husaina ta zo duniya ba ta taɓa roƙon Allah ya kashe wani abu mai rai ba sai ranar. Ta roƙa da gaske, leɓɓanta suna motsi.

Ta farko ta yi 'yan wutsil-wutsil ta kama gefen ludayi ta haye. Ta biyu ta bi ta. Ta ukun ta jima tana juyi a tsakiya har Husaina ta fara sa rai, sai ita ma ta sami bakin ludayin, ta tsaya tana share ƙafafu, ta sauka ta kama gabanta.

"Kin gani?" in ji Inna Lantana. "Nono lahiyayye. In ɗan ƙanwarki na ba ki so, hwaɗi gaban mutane mu ji."

Ba ta jira amsa ba. Ta kama kafaɗar Husaina ta zaunar da ita a kan tabarma, ta ɗora mata yaron a cinya, ta sa hannunta ta ɗaga gefen rigar kamar yadda ta yi mata ranar da aka haifi Kausar. Ɗantani ya daina kuka. Ya juyo, Husaina ta ji hucin bakinsa a fatarta. Duk jikinta ya saki. Wata zuciya ta ce ta bari, ai ba ita ta sa shi ba, Inna ce, ga shaidu, ga tururuwa, aurenta yana nan, sunanta yana nan, yaro ya yi barci, ita ma ta samu sauƙin wannan nauyin. Ba ta taɓa son wani abu kamar yadda ta so wannan ba.

Sai ta sa tafin hannunta tsakanin bakinsa da nonon. Ya kama gefen hannun ya shiga tsotsa da ƙarfi.

"Inna, tururuwa ba ta san ciwon da ke jikina ba," ta ce. "Ƙanjamau gare ni. Tun ina da cikin Kausar anka gani."

Ba ta ɗaga murya ba, amma har na ɗakin ƙarshe sun ji. Saude ta ja kujerarta baya a hankali, ƙafar kujerar tana ƙara a siminti. Husaina ta san aurenta ya fita tare da maganar, ko da Sharhabilu bai ji ba tukuna, kuma a gidan haya ba zai kwana biyu bai ji ba. Wannan ta shirya masa. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne saurin da Inna ta yi ta fizge yaron daga cinyarta, kamar ta ga ya rarrafa ya nufi murhu.

Ɗantani ya tsala kuka. Husaina ta gyara rigarta, ta ɗaga kai ta nemi Susan a cikin matan. Ta ce nas ta ce a nemi mai shayarwa wadda aka auna. Ta ce, "Maman Vivian, don Allah." Susan ta amsa cewa sau biyu aka auna ta a wannan cikin, katinta yana ɗaki ga duk mai son gani. Tana faɗa tana miƙa wa wata mata jaririyarta Vivian.

Inna Lantana ta tsaya da yaro a hannu tana duban matar. Shekarunta sittin da wani abu ba ta taɓa taka ɗakin Kirista ba, balle ta miƙa jikanta. Ta dubi maɗigar yaron. Ta cire takalmanta a ƙofar Susan ta shiga.

Husaina ta koma ɗakinta ta saki labule. Bango ɗaya ne tsakaninta da Susan, bangon da ake jin tarin maƙwabci ta cikinsa. Ta zauna a ƙasa ta jingina da shi. Kukan ya yi sama, ya yi sama, sai ya yanke tsaf a tsakiya. Ta san wannan shirun. Ta san yadda ƙaramin hannu yake buɗewa a hankali bayansa, da yadda gumi yake tsattsafowa a goshi. Ta yi murna, Allah ya sani ta yi murna, kuma kishi ya kama ta har ta cije hannu. Ta rungume ƙirjinta ta yi kukan da ba ta samu ta yi da sauti ba tun rasuwar Kausar.

Da aka jima Inna ta ɗaga labule ta shigo ita kaɗai. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta matso ba, ba ta kuma fita ba. Ta dubi gadon da take kwana a kai duk zuwanta, ta dubi kwanon da suka ci tuwo tare jiya.

"Shekara guda kina ɗauke da wanga abu," ta ce, "ina zuwa ina kwana ɗakin ga, ina yi maki hwaɗan kin rame."

Husaina ta ce an yi mata iyaka ne da aurenta. Inna ta tambaya ko iyakar ta haɗa har da uwa. Ta ce har da uwa. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta gane auren ne aka yi asararsa a kan tabarma ɗazu. Ta tambaya ko ana ɗauka ta kwano, ko ta moɗa, ko ta sabulun wanka, Husaina tana cewa a'a, ba a ɗauka ta nan, nas ta faɗa mata tun farko.

"Goyo hwa?"

"Ba a ɗauka ta goyo, Inna."

Inna Lantana ta juya ta fita. Husaina ta ji takunta a tsakar gida, ta ji matan da suke ƙus-ƙus sun yi shiru, ta ji ta yi sallama a ƙofar Susan. Da ta dawo, ba ta shigo ɗaki ba. Daga waje ta kira ta, a gaban kowa, ta ce ta fito da zane.

Husaina ta fito. Saude tana bakin rijiya da guga a hannu, ta kasa jefawa ta kasa ajiyewa.

"Duƙa," in ji Inna.

Ta duƙa. Inna ta kwantar mata da Ɗantani a baya, ta ja zanen ta ɗaure a saman ƙirjin da yake mata zugi. Ya yi barci, kumatunsa a manne da kafaɗarta, cikinsa ya ɗan taso. Ta soma zagaye tsakar gida a hankali tana jijjiga shi. Duk numfashin da ya sauke a wuyanta, ƙanshin nonon wata take ji.